Tururuwa Ta Daina Kawo Karatun Yaya Kausar

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Wannan littafin ragowar na lissafi ne na aji shida. Shafi tara kawai na cinye, Inna ta ce kada a yar. Zan riƙa rubutu a ciki tunda ni magana ba ta cika fito mini a baki ba. Sunana Munawwara, shekarata goma sha uku.

Yau ma na bi Kawu Liti a babur daga Zoza zuwa Karaye, kamar kowace Litinin. Shi yana kai wa masu shago man gyaɗa, ni kuma ina kai memori shagon Anti Adawiyya, ƙanwar Inna, a zuba wa Yaya Kausar karatu. Hanya duk taɓo, sau biyu muka sauka muka tura. Kawu ya ce, "Hajiyar Zoza, riƙe ni da kyau. In kika faɗa kududdufi, jarka zan fara cetowa." Na yi dariya a cikin hijabi.

Tun da abin ya samu idanun Yaya bara da damina ba ta koma makaranta ba. Akwai wata Malama Ummu Hani a Kano, ita ma ba ta gani, tana ɗaukar darussa da muryarta saboda yara irin Yaya. Darasi ashirin ne. Ranar Laraba 10 ga Satumba za a yi wa Yaya gwajin baka a makarantar masu larurar gani, kuma daga cikin darussan nan ake tambaya. In ta ci za ta koma karatu. In ba ta ci ba sai baɗi, ni kuwa ban san ko Yaya za ta iya ƙara shekara guda a ɗakin nan ba.

Darussan suna da nauyi, waya ba ta iya ɗaukowa da irin sabis ɗinmu. Amma a tsohuwar kwamfutar Anti akwai wata manhaja da ke jawo su daga kwamfutar ƙungiyar su Malama kaɗan-kaɗan. In sabis ya yanke sai ta jira, in ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Sunanta na Turanci ban iya faɗa ba. Anti tana ce mata Tururuwa.

Yau na samo na sha ɗaya da na sha biyu. Alhamdulillahi. Anti ta saya mini awara.

Wani abu ya faru lokacin da Anti ta shiga ciki yin azahar. Ba yau zan rubuta ba.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Yaya ta sa memorin a 'yar rediyonta tun kafin a gama dama koko. Malama ta ce, "Takwas sau bakwai?" Yaya ta amsa kafin Malama ta rufe baki. Sai ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Ke mai idanu biyu, nawa ne?" Na fara ƙirga da yatsu. Ta ce, "Ina jin ƙarar yatsunki, Munawwara."

Ta yi dariya har Inna ta leƙo. Na gode wa Allah da wannan dariyar.

Baba yana ƙofar gida. Ya ji, na san ya ji. Bai shigo ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Wataƙila abin ranar Litinin ɗin ba komai ba ne.

Litinin, 18 ga Agusta, da yamma

Tururuwa ba ta buɗe ba.

Anti ta danna, ta yi kamar za ta fito, sai ta ɓace. Ta sake dannawa. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta zare wayoyi ta hura ta mayar. Ta ce tun ranar Talata take haka, ta ɗauka sabis ne. Komai na kwamfutar yana aiki, ana buga takardu, ana yin katin biki, Tururuwa ce kawai ta ƙi.

Wani tsoho da ya zo fotokwafi ya ce, "Hajiya, a yi mata tofi mana."

Anti ta ce, "Baba, in tofi na yi mata, ai da tuni ta haddace izu biyu."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba, amma ba wanda ya lura, don ko da ma ba a cika jin tawa ba.

Anti ta ce, "'Yata, ki ba Kausar haƙuri. Na sha uku zuwa na ashirin duk sun fara saukowa, suna nan ciki rabi da rabi. Kafin wani satin na gyara."

Na ce to.

Da na dawo, Yaya ta miƙo hannu tun ina bakin ƙofa. Na sa mata memorin a tafin hannu na ce babu sabo. Ta juya shi a yatsunta, ta ce, "Ba komai, sai in maimaita na baya." Ta faɗa da irin muryar da take yi wa baƙi masu zuwa dubiya.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta, tunda littafi ba ya kallon mutum.

Waccan Litinin ɗin, bayan Anti ta gama zuba mini darasi, ta ce in zauna in kula da shago ta yi salla. Da ma ta taɓa koya mini cewa in Tururuwa ta gama aiki wani ɗan akwati yana fitowa a fuskar kwamfutar, sai in danna kore. Ina zaune sai ga akwati. Ya fi na kullum girma, da jerin sunaye a ciki. Amma akwai kore. Na danna.

Sai rubutu ya fara gudu. Na rasa abin yi, sai na yi abin da Malamar ajinmu ta saba mu da shi: duk abin da aka rubuta a allo, ki kwafa, ko kin gane ko ba ki gane ba. Na ciro wannan littafin na kwafi sunayen a shafin ƙarshe, harafi bayan harafi, da lambobin da ke gefensu. Layi goma sha ɗaya na samu kafin akwatin ya rufe kansa. Da Anti ta fito komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Ta ce, "Ba wanda ya zo?" Na ce babu.

Gaskiya na faɗa, ba wanda ya zo.

Ni na kashe Tururuwa. Shafin yana nan a bayan littafin nan, ina jin sa kamar garwashi a jaka.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Anti ta kira ta wayar Kawu. Ta nemi Malama Ummu Hani ko za a zuba darussan a memori a ba direba. Malama ta tafi jinyar mahaifiyarta a wani gari mai nisa, ofishin ƙungiyar kuma a kulle yake sai an koma makaranta. Sun bar kwamfutarsu a kunne da sola saboda irinmu. Allah ya saka musu. Karatun yana can yana jira, mu ne ba mu da mai ɗaukowa.

Inna ta ce, "Allah ya kawo mafita." Ta ci gaba da tankaɗe.

Lahadi, 24 ga Agusta, da hantsi

Kwana biyu ke nan Yaya tana mayar da kwano kamar yadda aka kai shi. Rediyon ma ta tura ƙarƙashin filo. Ta ce ta haddace har tarin da Malama ta yi a darasi na tara.

Na buɗe akwatin Inna na ɗauko littattafan Yaya na sakandare, waɗanda aka ɓoye don kada ta taɓa su ta yi kuka. Na tsaya a bakin ƙofa da su har ƙafata ta gaji.

Ta ce, "Wa ke nan yana numfashi kamar akuya?"

Na ce, "Yaya, in karanta miki?"

Ta ce, "Ke? Ke da ko sallama sai an sa kunne?"

Na ce zan gwada.

Ban san abin da ke cikin darasi na sha uku ba, ita ma ba ta sani ba. Mun dai buɗe littafin Turanci a tsakiya. Na karanta layi uku, ta gyara mini kalma biyar. Ta ce ina karanta Turanci kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa. Amma ta tashi zaune. Da rana ta ci rabin ɗanwake.

Na gode, na gode, na gode.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Anti ta kira Malam Musbahu mai gyaran waya ya duba. Ya zauna ya daddanna, ya girgiza kai.

Ya ce, "Hajiya, bairos ne. Kuma ni wannan tsarin naki na kyauta ban taɓa yarda da shi ba. Abin da ba a saya ba, wa za ki kama in ya lalace? A yi mata fomatin kawai, a share komai, in zuba miki irin na kowa."

Anti ta ce, "Irin na kowa ba zai hau wannan tsohuwar ba, Malam Musbahu. Ta girmi aurenka."

Ya ce, "To a share a sake zuba naki."

Anti ta ce in aka share, darussa takwas da suka sauko rabi duk sun tafi, a faro daga farko, kuma da sabis ɗin damina sai sun ci sati biyu ko fi. Ta ƙirga kwanaki a yatsu. Ni ma na ƙirga a cikin hijabi. Ba su kai ba.

Ta ce, "Abin da ke ba ni mamaki, ban taɓa komai ba. Ko sabuntawa da take ta roƙona in yi, ƙin yi nake, saboda data. Haka kawai ta kwanta lafiya ta tashi ba lafiya."

Ta ce za ta ba ta sati ɗaya. In ba ta gano ba, Litinin mai zuwa a share.

Ina zaune a kan benci da jakata a cinya. Na buɗe baki. Malam Musbahu ya dube ni ya ce, "'Yan mata, ya gida?" Na ce lafiya lau.

Shi ke nan abin da na ce.

Talata, 26 ga Agusta, da rana

Karatu da Yaya. Lissafi.

Laraba, 27 ga Agusta, da rana

Karatu da Yaya. Ta ce muryata ta fara fitowa, jiya har kazar maƙwabta ta tsaya saurare.

Ta ce, "Munawwara, ke kaɗai ce a gidan nan ba kya yi mini magana kamar na mutu."

Na ce zan ɗebo ruwa. Na je bayan rumbu na daɗe.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Saura kwana goma sha uku.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan azahar

Na kai wa Baba fura gonar gyaɗa. Bana da hannu yake cire ciyawa, shi kaɗai a duk yankin. Maƙwabta suna feshi su gama a yini ɗaya, shi yana sati a duƙe. Tun bara da abin ya samu idanun Yaya bai sake taɓa abin feshi ba, kuma ba wanda ke tambayarsa dalili.

Ya sha furar, ya ce in zauna. Baba ba ya cewa in zauna.

Ya ce, "Ina jin ki kina yi wa yayarki karatu. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin.

Ya daɗe yana kallon kunyoyin gyaɗar. Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, "Kwana uku likita yana tambayata ko mene ne a cikin jarkar da ta zubo wa yayarki a ido. Kwana uku ina cewa ban sani ba. Na sani. Nauyin faɗa ne ya hana ni. Da na faɗa, ya ce, Malam, da tun ranar farko ka gaya mana."

Ya miƙo mini kwanon, ya koma ya duƙa.

A hanya na zauna a gindin ɗorawa na buɗe shafin ƙarshe na duba. Layi goma sha ɗaya suna nan.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma

Na gwada faɗa wa tulu. Na gwada faɗa wa akuya. A gaban akuya yana fita daidai.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan magariba

Zan rubuta duka ko hannuna zai gaji.

Mun makara saboda tayar Kawu ta yi faci a hanya. Da muka isa, Malam Musbahu har ya zauna a gaban kwamfutar ya nannaɗe hannun riga, yana ƙarasa shan shayi. Anti tana kwashe katunan bikin mutane a wani memori kafin a share.

Ban gaishe su ba. Ban taɓa shiga wuri ban yi gaisuwa ba sai yau. Maganar da na shirya duk ta gudu. Na ciro littafin, na buɗe shafin ƙarshe, na ɗora a kan madannan kwamfutar, a kan hannun Malam Musbahu.

Ya ce, "Ikon Allah. Wannan kuma fa?"

Na ce, "Ni ce." Na ce, "Na danna kore." Daga nan sai kuka.

Anti ta ɗauki littafin. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Ta ce, "Yaushe?" Na ce ranar da ta saya mini awara. Ta ce, "Sati uku, Munawwara." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ce, "Malam Musbahu, ɗaga mini hannunka daga kan tsohuwata."

Ta kira ƙawarta Bahijja, wadda suka yi karatun kwamfuta tare, ita ce ma ta zuba mata wannan tsarin tun farko. Ta sa wayar a fili kowa na ji. Tun satin da ya wuce suke magana, amma kullum Anti Bahijja ta tambaya ko an yi sabuntawa, Anti sai ta ce ba a yi ba, shi ya sa suke ta nema a wani wurin. Yau Anti ta karanto mata layukan nawa ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai Anti Bahijja ta ce, "Tsaya! Maimaita lambar." Anti ta ce ɗaya da ɗigo biyu, sai kibiya, sai biyu da ɗigo sifiri.

Anti Bahijja ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Wa ya rubuta wannan?"

Anti ta ce, "Mai laifin."

Anti Bahijja ta ce, "To ki gaya wa mai laifin ta fi ki hankali."

Ga yadda na fahimta. Ashe koren da na danna na sabuntawa ne. Tururuwa ba ita kaɗai take aiki ba. Akwai wani ɓangare a cikin kwamfutar da take jingina da shi, shi ke yi mata jigilar. Masu kula da tsarin sun fitar da sabon wannan ɓangaren, amma ba su gyara Tururuwa ta dace da shi ba. Ta tashi ta nemi wanda ta sani, ta tarar da baƙo, sai ta koma ta kwanta. Anti ta ce kamar a canja maka tukunya a bar ka da tsohon murfi. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Anti Bahijja ta samo wani shafi inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke ta kawo kuka iri ɗaya. Duk wanda ya danna kore a wancan satin, tasa ta mutu.

Na ce, "Har manya?"

Anti ta ce, "Har masu gemu da digiri."

A shafin wani mutum ya rubuta yadda za a mayar da tsohon ɓangaren kafin a fitar da gyara na gaske, mataki-mataki, ba wanda ya biya shi. Ba a san sunansa ba, wasu haruffa ne kawai da hoton kyanwa. Ya ce tsohon yana nan ajiye a wani lungu na kwamfutar, in dai ba a share ta ba.

In dai ba a share ta ba. Malam Musbahu ya sauke hannun rigarsa a hankali. Ya ce, "To ai ni da ma ban cika son sharewar ba." Anti ta ce, "Allah ya ba ka lada, Malam." Har shi ya yi dariya, ya tsaya kuma yana riƙe mata waya tana bugawa.

Ana cikin mataki na huɗu aka ɗauke wuta, hadari kuma ya taso, Kawu ya ce mu kama hanya.

Anti ta raka ni bakin babur. Ta ce, "Danna koren ba laifinki ba ne, ni na koya miki. Shirun ne naki. Sati biyu na Kausar ya tafi a ciki, kuma ba zan ce miki bai tafi ba." Ta gyara mini hijabi. Ta ce, "Amma yau kin zo. Je ki."

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Na yi wa mai hoton kyanwa addu'a. Ban san ko namiji ne ko mace ba, ban san ko yana salla ba. Na ce Allah ka san shi.

Talata, bayan la'asar

Na gaya wa Yaya.

Ta ce, "Shi ya sa kike mini karatu?"

Na ce da farko.

Ta ce, "Yanzu fa?"

Na ce yanzu ina so.

Ta lalubo kunnena ta murɗa da ƙarfi, da gaske, har na yi ƙara. Ta ce, "Wannan na sati biyu ne. Ɗauko littafin."

Laraba, 3 ga Satumba, da rana

Shiru daga Karaye.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan azahar

Tururuwa ta tashi! Tun jiya da yamma. Anti ta ce da ta buɗe sai ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba abin da ya faru. Anti ta bar janareta yana ta yi, ta hana kowa taɓa sabis ɗin shagon, har wani mai son a tura masa takarda ya yi fushi ya tafi.

Kawu Liti ya je takanas ya karɓo, ba ranar man gyaɗa ba ce. Ya shigo jiƙe sharkaf, ya ciro memorin daga cikin hularsa a ƙulle a leda. Ya ce, "Ga shi nan. Abu kamar ƙwayar kankana, ya hana gari barci."

Shida ne suka kammala, na sha uku zuwa na sha takwas. Biyun ƙarshe ba su gama ba.

Na gode wa Kawu. Na gode wa Anti da Anti Bahijja. Na gode wa wanda ya bar kwamfutar ƙungiya a kunne. Har Malam Musbahu na gode masa da ya tsaya shan shayi kafin ya fara.

Asabar, 6 ga Satumba, da yamma

Darasi biyu a rana. Yaya tana ji, ni ina tsayar da rediyo in yi mata tambaya. Na sha biyar ashe abin da muka karanta ne a littafin Turanci. Na sha bakwai kuwa ba mu taɓa jin irinsa ba, lissafin kashi-kashi ne, ta yi ta kuskure har ta jefar da filo.

Ta ce, "Da ina da sati biyun nan."

Na ɗauko filon na mayar mata.

Litinin, 8 ga Satumba, da rana

Na sha tara ya sauko, na ashirin ya tsaya a kusa da ƙarshe. Anti ta ce masu tsarin sun fitar da gyaran gaske, amma ba za ta taɓa komai ba sai bayan Laraba. Yaya za ta tafi da darasi ɗaya da ba ta taɓa ji ba.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Da Kawu aka shirya zai kai ta. Da safe sai ga Baba ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya, inda ya saba tsayawa ya juya. Ya yi sallama. Ya shiga.

Ban ji abin da suka ce ba. Inna ta ja ni madafa ta ba ni albasa in yanka, alhali ba a buƙatar albasa.

Da suka fito hannunta yana kan kafaɗarsa. Za su hau mota a Karaye, su kwana gidan wani ɗan'uwan Baba a Kano.

Laraba, 10 ga Satumba, da safe

Ya Allah kada a tambayi na ashirin.

Laraba, da azahar

Shiru. Na share tsakar gida sau biyu.

Laraba, bayan magariba

Kawu ya shigo da gudu da waya a hannu ana kiran la'asar. Inna tana tuƙa tuwo. Muryar Baba ce, amma ya kasa magana, sai Yaya ta karɓa.

An tambayi na ashirin. Tambaya biyu, duka ta faɗi. Ta ce musu wannan darasin bai iso garinsu ba. A lissafin kashi-kashi ta ci ɗaya ta faɗi ɗaya. Sauran duk ta amsa. Yara ashirin da shida suka zo, sha biyu za a ɗauka. Bayan an gama aka fito aka karanta sunaye a tsakar makarantar.

Ta ce, "Munawwara, kina ji? Ni ce ta sha ɗaya."

Na ce ina ji.

Ta ce, "Ɗaga murya, ba na jin ki."

Na ce INA JI, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Inna ta zauna a ƙasa da muciya a hannu tana ta alhamdulillahi, ba wanda ya tuna da tukunya. Tuwon ya kama, ya ƙone har ƙasa. Haka muka ci shi, ni da Inna da Kawu, muna jin ɗacin hayaƙi, kuma ba wanda ya rage.